Alƙalan Tukunya: Masu Raba Taurari a Adar

A shekarar 1900 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, André da Édouard Michelin, masu kamfanin taya a garin Clermont-Ferrand, suka buga wani ɗan littafi mai jan bango suna raba wa masu mota kyauta. Dabarar kasuwa ce zalla: a nuna wa direba inda zai kwana da inda zai ci, ya yawaita tafiya, taya ta cinye, ya dawo ya sayi sabuwa. A 1926 littafin ya fara liƙa wa gidajen abinci tauraro, a 1931 taurarin suka kai uku. Ɗaya na nufin abincin ya yi kyau. Biyu, ya isa a ratse hanya dominsa. Uku, ya cancanci a yi tafiya takanas ta Kano. Tun 2002 kuma aka samu wani jerin daga Ingila, na gidajen abinci 50 da suka fi fice a duniya.

Har yau Michelin ba shi da kundin gidajen abinci na Afirka ta Yamma, balle ya leƙo Ibohamane, can gabas da Keita a jihar Tawa. Amma hakan bai sa Adar, ƙasar da garuruwan nan suke, ta rasa jerin gwanayenta ba. A bakin mutane yake, ana sabunta shi kowace ranar kasuwa daga Madawa zuwa Buza har Keita. Alƙalan ma sanannu ne. Duk wanda ya saurare su da kunnen basira zai gane cewa kowannensu da abin da yake aunawa, abincin kuwa sau da yawa shi ne na ƙarshe a lissafi.

Direban albasa

A nan direban da kansa shi ne kundin. Ya yi lodin albasa a Galmi, ko fadamar Tarka, ko Tamaske, ya nufi Abidjan ko Akra, kuma babu mai tuwon bakin kwalta da bai san hannunta ba. Shi ba ya maganar daɗi, da kilomita yake auna tuwo. Wanda ka ci a Madawa ya sake ka tun a Ƙonni, wannan wasan yara ne. Wanda ya riƙe ka har Dogon Dutse, mai shi ta iya. Wanda kuwa ya kai ka Yamai ba ka waiwayi mai ƙosai ba, shi ake yi wa waya tun daga hanya a ce a ajiye malmala uku. Sauran sharuɗɗansa biyu ne: a samu filin ajiye gingimari, kuma in ya ce “Hajiya, a ƙaro miya,” kada a ɓata rai.

Yaron motarsa yana da nasa jerin daban, tun da a kan abin da maigida ya rage yake yanke hukunci. Rumfar da maigida ya ba taurari uku, a wurin yaro ko ɗaya ba ta da shi, don kwanon wayam yake dawowa.

Malam Ɗanɗano

Madawa ta yi suna da kilishi, kuma wanda ya tsaya kallon rundawa zai ga dalili. Ana zaɓar tsoka marar kitse, a yanyana ta da wuƙa falle-falle har ana iya hango hasken rana ta cikinta, a shanya a kan gadon kara. In ta bushe a tsoma ta cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da albasa da citta da kanumfari da barkono, a sake shanyawa, sannan a nuna wa wuta sama-sama. Akwai ja, akwai fari, akwai rumuzu wanda ba ya shiga labu, sai dai a shafe shi da mai da kayan yaji.

Malam Ɗanɗano ya san duk wannan, ya ma fi mai kilishin iya bayaninsa. Yakan iso da babbar riga da fuskar mai sayen na jika goma. “A ban in ji,” in ji shi. Ya tauna, ya lumshe ido, ya girgiza kai: yaji ya danne nama. Tire na biyu, wuta ta yi yawa. Na uku, saniyar ta tsufa. Na huɗu ya yi kyau, amma sai ya sake ɗanɗana na farko don a yi adalci. Kafin ya kai ƙarshen layi ya ƙoshi, sai ya nemi ruwa, ya ce zai dawo in ya gama wata 'yar hidima. Rundawa sun san shi sarai. Abin da ya hana su korarsa shi ne bakinsa: in ya ce kilishin wane ya lalace, kafin la'asar duk tasha ta ji.

Ɗan kishin gari

Wannan kuwa takardar haihuwa yake dubawa kafin ya ɗanɗana. In ɗan Madawa ne, kilishin Gidan Rumji da na Tasawa duk soyayyen takalmi ne. In ɗan can ne, haka zai ce da na Madawa. Da hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha daga hedkwatarta a Yawunde, ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar asali, irin kariyar da Faransawa ke ba cukunsu, sai ya samu sabon abin faɗa. Ya yi murna an gaya wa Najeriya da Kamaru gaskiya, sannan ya fusata da ba a rubuta sunan garinsu a kan takardar ba.

Na Tamaske da Keita kuwa ƙorafinsa tsoho ne: su ke duƙe a garka suna ban ruwa, Galmi ke amsa suna don kawai kwalta ta bi ta ƙofarta. So duka so ne, amma son kai ya fi.

Ɗan ci-rani

Adarawa mutanen tafiya ne. Da an ɗaure damman hatsi samari sun kama hanyar Abidjan, ko Legas, ko Libiya da Aljeriya. Wasu kan dawo da kuɗi, wasu da rediyo, wannan kuwa da harshe ya dawo. Aka kawo masa tuwon dawa miyar kuka, ya dube shi kamar bai taɓa ganin irinsa ba. “Inna, can Abidjan ba haka muka saba ba.” Sai labarin garba: acceke da soyayyen kifin tuna, a yanka tumatir da albasa da ɗanyen barkono a kai, a zuba man suya. Gaskiya ne 'yan Nijar sun yi suna wajen sayar da garba a Abidjan, kuma ba mamaki albasar da ke kai daga garkar kawunsa ta fito.

Abin da ba ya faɗa shi ne saƙon muryar da ya riƙa turo wa gida duk wata: a aiko masa da daddawar batso, da gabu, da cuku, da garin kuka. Inna ba ta tona shi. Takan ajiye ƙwaryar hura a inuwa ta shige ɗaki. Ranar farko ya sha ludayi biyu don kada ya ɓata mata rai. Kafin mako ya zagayo shi ke tambayar wa ya taɓa masa ƙwarya.

Ma'aikacin porje

Tun 1984, lokacin da aka fara babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da hannun FAO, mata suka yi ta jidar duwatsu da dashen itatuwa ana biyansu da abinci, yankin ya saba da fararen motoci masu tambari a ƙofa. Wancan aikin ya bar gandaye da madatsan ruwa. Porje-porjen da suka biyo baya kuma sun haifar da wani alƙali na musamman.

Ya zo taron ƙara wa juna sani na kwana uku. Tambayoyinsa kafin ya zauna: akwai fanka? Ruwan leda da sanyi? Ana ba da rasit mai hatimi? Wurin da ya amsa ukun nan ya ci taurarinsa, ko da shinkafar ba ta nuna ba. Da safe ya yi awa biyu yana bayanin amfanin zogale ga jikin ɗan Adam, da hotuna a bango. Da rana aka kawo dambu da kwaɗon zogale, ya ture gefe ya tambaya ko ba a samu zabo ba. In ya koma Tawa aka tambaye shi inda ake cin abinci a Ibohamane, sai ya ce babu. Gidan magajin gari kaɗai ya sani.

Mai waya

Shi ba ya bisimilla sai ya ɗauki hoto. Ya juya kwano, ya goge gefensa, ya ari cokali mai yatsu, ya roƙi mai shayi ya matsar da gwangwanin Nescafé kusa da ƙwai. Daga nan ya fita neman rezo, wani lokaci har bisa tudu. Kafin hoton ya hau WhatsApp abincin ya huce, sai ya rubuta cewa ba a kawo shi da zafi ba.

Da can fara abin kunya ce a wurinsa, cimar ƙauye. Sai ya ji cewa gidan abincin Noma na birnin Kopenhagen, wanda ya zo na ɗaya a duniya a 2010, 2011, 2012, 2014 da 2021, yana ɗora wa baƙinsa tururuwa a faranti su biya kuɗi masu kauri. Tun ranar yake sayen soyayyiyar fara ta dala ashirin, ya jera guda biyar a farar tasa, ya barbaɗa yaji a gefe. Sauran kuma ya juye a aljihu ya ci a hanya.

Mai littafi

Jerinsa ya fi na kowa saurin canzawa. Rumfar da ke ba da bashi ita ce ta ɗaya a duk Adar, har ranar da aka buɗe littafi aka karanto masa jimla. Washegari miyarta ta fara tsami, mai ita ta rage hannu, kuma “ai kowa ya san” ta gefen makera ta fi ta.

Almajiri

Masu duba abinci na Michelin ba sa bayyana kansu: su shiga kamar kowa, su ci, su biya, a sake komawa kafin a yanke hukunci. A Adar mutum ɗaya ne ya cika waɗannan sharuɗɗa, ban da na biya. Almajiri ya ɗanɗana tukunyar kowane gida a unguwa, safe da dare, rani da damina, kuma ba wadda ta taɓa gyara miya don zuwansa. Ya san gidan da ake girki biyu, na maigida da na sauran jama'a. Ya san ranar girkin uwargida da ta amarya ba tare da ya tambaya ba, a kan haka ma yake tsara zagayensa. Sakamakon bincikensa a tsangaya ake baje shi bayan isha'i, tsakanin abokan aiki kaɗai. Mai son sani sai dai ya lura da ƙofar da robobi suka yi layi tun ba a sauke tukunya ba.

Gwaggon biki

Ga wadda ake tsoro. Fanninta hura, kuma a ƙasar da hura ce abincin rana wannan ba ƙaramar kujera ba ce. Ta san kowane mataki: surfe, bakace, wanki, daka da citta da kanumfari, curi, dahuwa, kirɓi a turmi har ta yi danƙo, sannan damu da nono a ƙwarya. Ludayi ɗaya ya ishe ta. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, gidan biki ya yi tsit.

“Inji ya niƙa wagga.” Hukunci na farko ke nan. “Nonon gari ne, ba na shanu ba.” Na biyu. In kuwa ta rasa abin kushewa sai ta tambaya, “Ɗiyar wa ta dama hurar ga?” A amsar nan tauraro yake. In ɗiyar ƙanwarta ce, hannu gado ne. In ta gidan da suka yi faɗan kan iyakar gona ce, sai a lokacin ta ji tsakuwa a haƙori. Yabonta mafi girma kalma biyu ne, “ba laifi,” kuma akwai matan da suka aurar da jikoki ba su ji shi ba.

Hajiya mai tuwo

Masu dafawa ma iri ne. A 2016 Michelin ya ba wani mai rumfar shinkafa da kaza a Singafo tauraro, layi ya ƙi ƙarewa a gabansa. A 2019 kuma aka rage wa shahararren kukun Faransa Marc Veyrat tauraro ɗaya daga ukunsa, ya maka Michelin a kotu, yana cewa an yi masa ƙazafin sa cukun Ingila a girkinsa. Kotu ta kori ƙarar.

Hajiya ba ta zuwa kotu. In aka kawo mata labari cewa direbobi sun fara tsayawa a sabuwar rumfar tsallaken hanya, sai ta ci gaba da kwasar tuwo da mara ba ta ko ɗaga kai ba. “Kowa da rabonai,” in ji ta. “Ni shekara nawa ina tuƙi? Su je su ci magi.” Ta rantse ba ta san ma an buɗe wata rumfa ba, ko da yake ta san kuɗin hayarta, da mahaucin da ke kai mata nama, da garin da aka auro mai ita.

Da azahar, in ciniki ya lafa, takan kira ɗiyar maƙwabta, ba tata ba, don kada a gane kwano. Ta ƙirga mata dala hamsin a tafin hannu.

“Tahi ki sawo min na waccan. Ki ce a sa miya da yawa. In ta tambaya, ki ce baƙi gare ku.”