Mas'alar Tsawon Tirela a Ƙasar Amurka

Daga cikin mas'alolin da ke hana magidantan Amurka barci, musamman waɗanda Allah ya azurta da 'ya'ya biyu ko uku da ɗan abin hannu, babu kamar ta tsawon tirelar tafi-da-gidanka, wato ɗakin nan mai ƙafafu da mota ke ja zuwa daji, domin iyali su huta da zaman gida alhali ba su rabu da gado da murhu da firji da makewayi ba. Al'amarin ba ƙarami ba ne, gama a shekarar 2021 kaɗai masana'antun ƙasar, waɗanda akasarinsu ke Elkhart da kewayenta a jihar Indiyana, sun fitar da kimanin 600,000 na irin waɗannan gidaje, na ja da masu tuƙa kansu.

Maigida yakan doshi dillali ne da niyyar zuhudu, yana mai yaƙinin cewa mai tsawon ƙafa 18 ta wadatar, tun da akwai shimfiɗar ma'aurata da gadon yara mai hawa biyu, kuma a nan ijtihadinsa ya dace. Sai dai dillalin, wanda ya ƙware wajen ba da fatawa a kan abin da bai auku ba tukuna, zai tunatar da shi cikin ladabi cewa yara girma suke yi, ruwan sama yakan tsare mutane a ɗaki yini guda, surukai na iya sha'awar rakiya, kare ma yana da haƙƙi; kowace hujja kuwa tana ƙara ƙafa biyu. Hujjar da ta fi duka ƙarfi ba a ambata ta a fili, ita ce tirelar maƙwabci mai ƙafa 30 da ke girke a ƙofar gidansa tun bazara. Da haka bawan Allah zai sa hannu a kan mai ƙafa 34.

Bayan sa hannu ne hisabi ke farawa. Nauyin da dillali ya faɗa na tirela ce wayam, ba ruwa, ba tukunyar gas, ba kekunan yara, ga shi galan ɗaya na ruwa ya haura laba 8. Kuma ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin duka a kan ƙugiyar bayan mota yake sauka. Motar iyali, wadda jiya ake yabonta, sai ta durƙusa, ya zama wajibi a nemo ƙatuwar akori-kura, ita ma bashi. Bashin tirelar kuwa yakan kai shekara 15, ta yadda kafin a gama biya, jaririn da aka saya wa gadon sama ya balaga, ƙafafunsa sun zarce gadon, ya kuma daina sha'awar tafiya da iyayensa.

A sansani ma ba a tsira ba. Sansanin Kwarin Yosemite, alal misali, ba ya karɓar tirelar da ta wuce ƙafa 35, wuraren da ke ɗaukar masu tsayi haka kuwa kaɗan ne, tun watanni kafin lokaci ake kame su. In an dace da wuri, saura a shigar da ita da baya, ita kuwa tirela ɗabi'arta saɓa wa sitiyari ce, in ka nufi dama ta yi hagu. Uwargida na can baya tana ishara da hannu a inda madubi ba ya nunawa, maigida na ta gumi yana ɗaga murya, sauran mazauna sansani kuma sun jera kujeru sun zauna kamar 'yan kallon dambe, kowa na ba da shawarar da ba a nema ba.

Da sanyi ya kama, sai a zuba wa bututunta maganin daskarewa, a kai ta filin ajiya a riƙa biyan haya duk wata, saboda dokar unguwanni da yawa ta haramta girke ta a ƙofar gida. Maigida kuma, bayan dogon nazari a kan musabbabin saɓaninsa da uwargida, yakan gano cewa ƙuncin wuri ne, ya shiga tambayar farashin mai ƙafa 38.