Yadda Ake Haɗa Jirgin Da Ba Ya Shan Mai a Gyadi-Gyadi

Kafin ka zana komai, auna ƙofar zauren gidanku. Jirgin da ba shi da inji, da fiffike yake rayuwa, dogo siriri, mita biyu ko uku. In ka haɗa shi a dunƙule a tsakar gida, sai dai a rushe katanga, kuma Baba ba zai yarda ba. Raba fiffiken biyu, ka haɗe su da bututun alminiyam, ta haka zai shiga Adaidaita Sahu bai tsokane wa fasinja ido ba.

Zanen a yi shi daidai girman jirgin a kan takardar buhun siminti, a kuma ɓoye wa akuya. Kayan aiki ba su da wuya: farin soson nan na cikin kwalin firiji, siraran katako daga wurin kafintocin Tarauni, sai salatif. Kada ka kusanto da supa gulu, narkar da soso yake yi. Farin gam na kafinta za ka shafa, ka bar shi ya kwana.

Inda ake faɗuwa jarrabawa shi ne daidaita nauyi. Ɗora fiffiken a kan yatsunka biyu, wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa daga gaba. In wutsiya ta rinjaya, cusa noti ko mataccen batir a hanci har ya ɗan sunkuya. Jirgi mai nauyin hanci zai tashi ko da kyar. Mai nauyin wutsiya sau ɗaya yake tashi. Bakin fiffiken biyu kuma su ɗan ɗaga sama, shi ke sa ya miƙe da kansa in iska ta karkata shi.

'Yan majalisar ƙofar gida za su tambaye ka ko da shi za a yi jigilar alhazan bana. Amsa musu da fara'a cewa a Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925, kuma a 2007 ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic. Gadonmu ne.

Ranar gwaji ka bar lungunan unguwa da wayoyinsu na lantarki, ka nisanci filin jirgin Malam Aminu Kano. Bi titin Zariya ka fita gonaki bayan girbi. Da hantsi ka dubi inda shirwa ke kewaya ba ta kaɗa fiffike, can iska mai zafi ke hawa sama, ita kake nema. Fuskanci iska, a hunturu arewa maso gabas ke nan, ka tura jirgin a miƙe, kada ka cilla shi sama kamar mai jifan mangwaro. Sannan ka naɗa yaro ɗaya tak mai ɗauko shi, ka faɗi sunansa kowa ya ji. In ba haka ba, yara ashirin ne za su dawo maka da shi, kowa da rabonsa a hannu.