Bazazzagi a bakin ƙofa ta 5222

Bawana Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Labarinka ya riga ka isowa unguwarmu. An ce ofishinku ya ba da aronka ga wata ƙungiya a nan Kano domin aikin haɗin gwiwa, an ba ka tebur da kujera mai juyawa da kalmar sirrin Wi-Fi, ka buɗe kwamfuta kana hura hanci, sai manhajar hirar ofishinku ta ƙi haɗuwa. Tun hantsi take juyi har aka kira azahar. Nan take ka yanke hukunci cewa Kanawa sun sa wa intanet mudu, sai an biya ake aunawa. Ko da mun sa, ai ba a kanka za mu nemi riba ba, mun san zurfin aljihun.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne mutumin da aka haifa a cikin ganuwa ya ga ganuwa ya kasa gane ta. Kai da kullum kake cika mana kunne da Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, da jaruntakar Sarauniya Amina. To netwok ɗin kowace ma'aikata birni ne mai ganuwa. Ganuwar ita ake kira fayawol, ƙofofinta kuma lamba gare su, daga 0 har 65535. Mai tsaro yakan buɗe kaɗan ya garƙame sauran. Baƙo yawanci biyu ake bar masa, 80 da 443, waɗanda shafukan intanet ke bi. Taku manhajar, wadda aka ce min Pidgin ce, tana magana da sabar ofishinku da ƙa'idar XMPP, ita kuwa ƙofarta ta gado 5222. A Zariya a buɗe take saboda mai tsaronku ya san da zamanta. A nan ba wanda ya taɓa neman a buɗe ta, sai da Allah ya jarrabe mu da zuwanka.

Na san hujjarka, don an ce ka yi ta ɗaga waya sama kana nuna wa mutane: ai ga WhatsApp yana aiki. Yana aiki mana. Shi ɗan kasuwa ne, ya san in wannan ƙofa ta rufe sai a zagaya ta 443, wadda ba mai iya rufe ta sai in ya shirya hana ma'aikatansa intanet ɗungurungum. Kuma don ka samu abin yin burga in ka koma Tudun Wada, WhatsApp ɗin da kansa a kan XMPP aka gina shi, aka yi mata kwaskwarima. Wani Ba'amurke, Jeremie Miller, ya fito da ita a 1999 da sunan Jabber, Google Talk ma da ita ya fara a 2005. Tsohuwar ba ta da laifi. Ba a gaya mata hanya ba ne.

Kafin ma a kai ga ƙofa, ka taɓa buɗe burauza bayan ka hau Wi-Fi ɗin? Netwok ɗin baƙi da yawa suna tare mutum da wani shafi, ya rubuta sunansa ko lambar da aka ba shi, ya amince da sharuɗɗa, sannan a sake shi. Manhajar hira ba ta iya cike wannan shafi, sai dai ta tsaya tana jiran ka. Alamar Wi-Fi za ta cika fal, amma ko harafi ɗaya ba zai fita ba. Ka duba agogon kwamfutarka kuma. In kwanan wata ya kauce sosai, takardun shaidar tsaro duk za su zama kamar sun lalace a idonta. Na san ku da agogo ba kwa ga-maciji, shi ya sa na faɗa.

Yanzu ga inda aikin yake, ka gyara zama. An ce ka shiga saiti ka goge 5222 ka rubuta 443 da hannunka, ka koma ka harɗe kana jiran a yi maka tafi. Lambar da ka rubuta tana gaya wa manhajar ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a can sabar ofishinku ne. In ba a ajiye mai amsawa a wannan ƙofa ba, ko kwana ta yi tana bugawa ba mai cewa wa ke nan. Ke nan mutum biyu za ka nema. Na farko naku na Zariya, mai kula da sabar. Ka tambaye shi ko tana karɓar haɗi ta 443, ko kuma tana da adireshin BOSH, wato dabarar da ke naɗe saƙon hira a cikin rigar shafin intanet ya wuce ba a tare shi ba. Pidgin tana da gurbin wannan adireshi a shafin ƙarin saiti na asusunka, kusa da gurbin sunan saba da na lambar ƙofa. Ka karɓi cikakken sunan sabar ka rubuta da kanka, domin a ƙa'ida manhajar takan ɗauki abin da ke bayan alamar @ a adireshinka ta tambayi DNS inda sabar take, wasu netwok ɗin kuma ba sa amsa irin wannan tambaya yadda ya kamata. Akwai kuma yiwuwar sabar taku ba ta leƙo waje kwata-kwata, a cikin gida kawai ake ganinta. In haka ne, ko duk ƙofofin Kano aka wangale maka ba za ka kai gare ta ba sai da VPN na ofishinku, wanda shi ma naku mutumin ne zai ba ka.

Na biyu shi ne mai kula da netwok ɗin masu masaukinka, yaron nan mai shiru-shiru da ka wuce sau nawa ba ka yi masa sallama ba don ka ga ba shi da furfura. Shi ya san ko kowa sai ya bi ta furoksi, wato kwamfutar da ke tsakani tana karɓar saƙonka ta miƙa a madadinka. In akwai, zai ba ka adireshinta da lambarta, sau da yawa 8080 ko 3128, wani lokaci har da suna da kalmar sirri, ka zuba a shafin furoksi na manhajar. Aikin bai kai shan shayi ba. Matambayi ba ya ɓata, amma ina Bazazzagi ina tambaya, ya ɗauka jami'ar Samaru gadon gidansu ce, ilimin ya bi shi a jini.

Maimakon haka sai ka ɗauko tsohon makaminka. Tun da aka rufe Twitter a Najeriya a watan Yunin 2021 ka koyi sauke VPN na kyauta, aka buɗe a Janairun 2022, kai ba ka sauka daga kai ba har yau. Fanka ta tsaya, VPN. To ka sani wannan haura katanga ne a gidan da aka ba ka masauki. Mai tsaron yana gani, ko bai san abin da ke ciki ba ya san ka haƙa rami. Sirrin ofishinku kuma ka miƙa shi ga wani kamfani da ba ka san ƙasar da yake ba. In kuma ɗoki ya kai ka ga karɓar kalmar sirrin wani ma'aikaci don ka hau netwok ɗin cikin gida, ka tuna akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda ta haramta shiga kwamfutar mutane ba izini. Ni dai ba zan je beli ba, ranar ina kasuwa.

Wani abu kuma da na san hannunka yana ƙaiƙayinsa: in akwati ya faɗo yana cewa ba a amince da takardar shaidar saba ba, kada ka danna amincewa don kawai ya ba ka wuri. Wasu ma'aikatu suna buɗe saƙon da ke wucewa su duba su sake rufewa da tasu takardar. Gidansu ne, dokarsu ce, amma ya kamata ka san haka kafin ka fara rubuta wa abokan aikinka cewa tuwon Kanawa ba gishiri. Hirar da aka kulle daga baki zuwa baki, irin wadda WhatsApp ya kammala sa wa kowa a 2016, ba za su iya karanta ta ba. Ta ofishinku kuwa, sai ka tambayi naku ko an kunna mata irin wannan kulli. Ko an kunna, lokacin da ka hau da sabar da ka nufa da yawan abin da ka aika duk a rubuce suke.

In rubutu ya fara tafiya amma kiran murya ya ƙi, kada ka sake tara mana jama'a. Murya da bidiyo sun fi son bin ƙa'idar UDP, ta ƙofofi irin su 3478, su ma sai an nemi izini. Mu dai hakan ya yi mana daidai, an rage mana jin Hausarku a ofis.

Gobe da safe ka sayi goro mai kyau, ba irin wanda kuke rabawa a ɗaurin aure ba, ka je teburin yaron nan ka yi sallama, ka ce ubangidanka na Kano ne ya aiko ka. Ladan wannan karatu kuwa na haɗa shi da kuɗin sharar bana, ninki biyu ke nan idan Muharram ya kama. Hannu da hannu nake so, don na san in na yarda da taransifa za ka ce netwok ne ya riƙe.