Ranar da Malam Shakiru ya shanye Kiru

Kawu ne ya ja mini. Ƙungiyarsu ta manoman masara ta zuba sunayen masu neman taki daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa a fayil guda, ya ce tunda na yi boko in rarraba kafin taron Asabar a Kwanar Dangora. Na sa grep, manhajar da Ken Thompson ya rubuta a 1973, tun ba a gama madatsar Tiga ba, ta tsamo duk layin da ke da "kiru", ko da babban baƙi ko da ƙarami. Don neman suna, sai na ƙara wa wata manhajar, sed, aikin mayar da kowace "kiru" ta koma "Ƙaramar Hukumar Kiru". Na buga na miƙa, ina hura hanci.

Magatakarda ya ɗau lasifika yana kiran suna. Can sai ya tsaya. Ya gyara tabarau, ya kai takardar kusa da ido, sannan ya karanta da muryar sanarwar ɗaurin aure: "Malam Sha Ƙaramar Hukumar Kiru, buhu biyu."

Wurin ya yi tsit. Malam Shakiru, dattijo mai carbi, mutumin Tudun Wada da ko gona ba shi da ita a Kiru, ya miƙe a hankali yana waige-waige. Wani daga baya ya ce, "Duk ya shanye, kuma yana neman buhu biyu?" Magatakarda, don ya tabbatar, ya sake karantawa. A lasifika! Kawu bai ce uffan ba, hularsa kawai ya tura ƙeya ya zuba mini ido.

Ina ta bayanin cewa da na saka wa grep -w da cikakkiyar kalma kaɗai za ta kama, sai wani tsoho mai goro ya dafa ni. "Yaro, bar wahalar da kanka. Ka rubuta Doguwa a cikin na'urar nan ko ba ka rubuta ba?" Na ce na rubuta, Baba. "To ka kira ta, ta amsa." Ya ce in yi wa kwamfutar hayaƙin habbatus-sauda, in kifa ta ta kwana, kuma daga yau in riƙa rubuta Riruwai, tunda nan ce hedikwatar, ita ba ta amsa wannan sunan.

Malam Shakiru ya karɓi takinsa. Yanzu duk Tudun Wada Ciyaman ake kiransa.