Wai Har a Gidan Haya?

Na san halinku sarai. Da na ce a Amurka akwai mutanen da ke zaune a ɗakin haya, hawa na uku, suna ɗura wa harsashinsu albarushi da hannunsu, Malam mai shakka zai taɓe baki ya ce, "Yau kuma da wacce ka zo mana?" Hajiya kuma ta rafka salati, ta tambaya ko maƙwabtan na da sauran numfashi. Lafiyarsu ƙalau, Hajiya. Wasu ma ba su san wainar da ake toyawa a bayan bangonsu ba.

Harsashi dai, Malam, ba dunƙulallen ƙarfe ba ne. Abu huɗu ne aka haɗa: kwanson tagulla, 'yar hular da ke gindinsa mai tayar da tartsatsi wadda suke kira faraima, albarushi, sai kan da ke fita ya je ya yi ɓarna. Idan an harba, uku sun tafi, kwanso ya faɗo ƙasa. Shi kuwa yawanci ya fi sauran tsada, kuma yana jure a sake cika shi sau da dama. Sai Ba'amurke ya sunkuya ya tsince abinsa ya kai gida. Dokar tarayyarsu ba ta nemi ya yanki lasisi ba muddin don kansa yake yi, sai in zai sayar. Kamfanoni ma sun tsufa a kan sayar da kayan aikin: RCBS tun 1943 a garin Oroville na Kalifoniya, Hornady tun 1949 a Nebraska. Saboda haka ba ƙirƙirata ba ce, daina kallona haka.

"To ai wata rana zai tashi da benen gaba ɗaya!" Na ji ka, Alhaji. Kai albarushin da ka sani shi ne baƙin nan na bindigar toka, wanda 'yan bindigar sarki ke girgiza gari da shi ranar hawan salla, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su razana. Wannan kam fashewa yake yi. Na harsashin zamani daban ne: idan ba a matse shi a rufaffen wuri ba, ci yake yi da wuta, ci mai zafi da sauri, amma ba ya tarwatsewa. Shi ya sa ake sayar da shi a robar da za ta tsage da kanta in gobara ta tashi, kuma ake gargaɗin kada a kulle shi cikin akwatin ƙarfe mai ƙarfi. Kai da ka ce a kai shi sef don tsaro, ka ga da mun bi shawararka da ka haɗa mana bam. Ƙa'idar ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta yarda a ajiye fam 20 a gida cikin mazubinsa na asali, wajen kilo 9 ke nan, ko har fam 50 in akwai akwatin katako mai kaurin inci 1. Faraima kuwa har 10,000. Eh, dubu goma, mayar da idonka. Wasu garuruwan suna da tasu dokar da ta fi wannan tsauri.

To ina matsalar take? Tana wurin mutumin da ku duka kuka sani: mai gida. Tsarin mulkin Amurka ya ɗaure hannun gwamnati ne a kan bindiga, bai shiga tsakanin ɗan haya da takardar da ya sa wa hannu ba. Takardun haya da yawa suna ɗauke da layin da ya hana ajiye kayan da ke saurin kama wuta, kuma ba wanda ke karanta layin sai ranar da mai gyaran famfo ya shigo ya ga gwangwanaye jere a kan kanta. Ko ranar da aka kawo saƙo, domin albarushi da faraima ba a aiko su kamar takalmi: akwai ƙarin kuɗin kaya masu haɗari, ga tambari a jikin kwalin, ga tsohuwar da ƙofarta ke kallon taka ta leƙo daidai lokacin.

Sai maganar teburi. Injin matse kwanso yana son a ɗaure shi da kusoshi a kan benci mai nauyi, don ƙarfi ake sa wa hannunsa. Ɗan haya kuwa in ya huda bango ko daɓe, kuɗin ajiyarsa ya tafi. Don haka za ka ga ƙato da gemu ya ɗaure injin a kan guntun katako, ya maƙale shi a bakin teburin cin abinci, yana danna hannun injin da dama yana danne teburin da hagu kada ya kife. An gama, a kwance komai a tura ƙarƙashin gado. Akwai kuma ɗan ƙaramin kayan aikin da Richard Lee ya fito da shi a 1958, wanda zai shiga aljihun riga, ba ya buƙatar benci ko kaɗan. Aibinsa ɗaya: da guduma ake aiki da shi. Kowane harsashi sai an bubbuga. Ga wanda ke hawan ƙasa, daidai yake da a ce maƙwabciyar sama ta kafa turmi tana kirɓa sakwara ƙarfe goma sha ɗayan dare. Masu kunya sun koma wa injin hannu da ake matsewa shiru kana zaune a kujera.

Abin da ya kamata ya ba Hajiya tsoro ba ta ma ambace shi ba. Kwanson da aka harba yana dawowa da datti, ana zuba shi cikin wata tukunya mai karkarwa da niƙaƙƙen totuwar masara ko ɓawon gyaɗar Turawa, ta yi sa'o'i tana gurnani. Ƙurar da ke tashi in an buɗe tana ɗauke da dalma, domin sinadarin yawancin faraima da dalma aka yi shi. Mai gareji ya buɗe ƙofa iska ta kwashe. Ɗan haya fa? Nan yake ci, nan yake kwana, nan jaririnsa ke rarrafe. Mu da muka ga abin da ƙurar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana lacca ba. Masu hankali suna wanke kwanson da ruwa, ko su bar wannan aikin sai a waje. Kafet ma abokin gaba ne: faraima ɗaya ta gangara ta ɓuya cikinsa, ranar Asabar injin zuƙe ƙura ya haɗiye ta, ka ji tas, uwargida ta yar da injin ta yi waje.

Awon albarushin kuwa, da wani ma'auni ake yi mai suna giren, wanda guda 7,000 ke yin fam ɗaya, kusan 15 a giram guda, sikelin kuma har kashi ɗaya cikin goma na giren yake nunawa. Waya ta yi ƙara, ka manta ka zuba sau biyu a kwanso ɗaya, bindigar na iya fashewa a hannunka. Shi ya sa suke kashe talabijin su kife waya. Kai da ba ka iya kai minti biyar ba ka leƙa WhatsApp ba, wannan ba layinka ba ne.

"Duk wannan wahalar don me?" Za su ce maka don rage kashe kuɗi. Su da kansu suna yi wa juna dariya a kan wannan, suna cewa ba wanda ya taɓa tara ko sisi, harbin ne kawai ya ƙaru. Na gaskiyar cikinsu za su ce suna neman harsashin da ya dace da bindigarsu ne, mai faɗawa wuri guda, ko na tsohuwar bindigar da aka daina yi wa. A 2020, lokacin korona, harsashi ya yi ɓatan dabo a shaguna, suka fara taƙama cewa su ba ruwansu. Ba a jima ba faraima ma ta ɓace, don kamfanonin sun riƙe ta suna cika nasu harsasan, sai ga gwanaye zaune da injin da tulin kwanso mai ƙyalli, ba abin sakawa a gindi.

Na ga wani can baya ya daina musu ya fara lissafi da yatsu. Sauke hannunka, ɗan'uwa. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana wannan, aikin harsashi na irin su kamfanin DICON ne da ke Kaduna tun 1964. In ka gwada, gwamnati ce za ta sama maka ɗaki, kuma shi ba a biyan haya.