Tsohuwa Mai Cin Wuta Biyu

Da aka zo rabon gadon Baffa, Allah ya jiƙansa, wani ya samu gona, wani ya samu shago. Ni da ba magaji ba, sai 'ya'yansa suka dube ni suka ce, "Yaya, kai ne ɗan boko, ɗauki adakar can." Na zaci littattafai ne. Da na buɗe ta a gida, ƙarƙashin wata kwat mai warin kafur, sai ga na'ura ruwan ƙasa mai kama da burodin da aka zauna a kai, an jera mata maɓallan tafireta. A goshinta an rubuta Commodore 64.

Daga Ingila Baffa ya zo da ita a 1985, bayan ya gama karatu, kuma a lokacin ba abar raini ba ce. Kamfanin Jack Tramiel na Amurka ya fito da ita a 1982 a kan dala 595, aka sayi miliyoyinta har ta shiga kundin Guinness. Lambar 64 ɗin kuwa kilobait 64 ake nufi, ƙwaƙwalwarta ke nan kaf. Katin ɗaurin aure ɗaya da ake turo mini ta WhatsApp ya fi ƙarfin cikinta. Kamfanin ya durƙushe tun 1994, saboda haka duk tambayar da nake da ita sai dai in yi wa kaina.

Abin ba ta wuta ne ban gani ba. Kwana biyu ina birkice ɗaki, sai na yi tuntuɓe da shi a ƙofar kicin. Ashe uwargida ta riga ni zuwa adakar, ta ga dunƙule mai nauyin bulo, ta tokare ƙofa da shi saboda iska. Na karɓe shi da sunan aro, na goge masa manja, na tura wa ɗan yayata hotonsa don in yi masa burga. Hannuna na kan soket wayata ta yi ƙara.

"Kawu, don girman Allah kada ka jona!"

Yaron yana karatun lantarki, kuma ya zo da mitarsa bayan la'asar. Ya ce a cikin dunƙulen akwai taransifoma da wani ɗan mai gadi mai lamba 7805, aikinsa ya tsayar da wuta a bolt 5 cif. An zuba musu danƙo ya daskare kamar dutse, babu ta inda za a buɗe, zafi ma da ƙyar yake fita. In mai gadin nan ya tsufa, barin ƙofa yake yi a buɗe, wuta ta wuce iyaka ta cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwar guda takwas. Turawan da ke tara irin waɗannan tsofaffin suna kiransa bulon ajali. Ya ɗora mita, ta nuna shida da ɗoriya. Na mayar wa uwargida da kayanta, amma sai da na yanke wutsiyar, domin fulogin mai haƙora bakwai ne, ban taɓa ganin irinsa a kasuwa ba.

Ya ƙara wata magana game da wayoyin da ke cikin wutsiyar, ni kuwa na riga na ji bolt 5, sauran duk ta bayan kunne ta wuce. Washegari ya koma makaranta, ni na nufi kasuwa.

Mai shagon farko bai bari na rufe baki ba. "Alhaji, kwamfuta ce? An gama." Ya zaro cajar laftof mai bolt 19 da kawuna goma a leda, ya rantse tana shiga kowace kwamfuta ta duniya. Na ce tawa biyar take ci. Ya ce ai ƙari alheri ne, wa ya taɓa mayar da gyara? Na biyu ya jujjuya fulogin, ya ce na makirfon masallaci ne. Na uku ya ba ni shawara tsakani da Allah in sayar wa 'yan gwangwan.

Na dawo gida ina huci, sai idona ya faɗa kan cajar wayar uwargida a bango. Na karanta bayanta: bolt 5. Ashe abin da nake yawon nema yana ɗakina. Ita tana gidan suna. Na ce kafin ta dawo an gama, in ta ga abin al'ajabi ai ba za ta tuna da caja ba. Na sa reza na yanke, na fere, na nemo zanen fulogin a intanet. Haƙori na 5 shi ne na bolt 5, na 2 shi ne na dawowa. Na murɗa wayoyi na naɗe da salatif, sauran biyu da suka rage na ce ƙila ado ne irin na Turawa, na lanƙwasa su gefe. Na jona da talabijin, na yi bisimilla, na danna.

Jar fitila ta kama. Na yi kabbara har maƙwabci ya leƙo ta katanga. Allon talabijin kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na kashe na kunna sau bakwai. Ina kan na takwas uwargida ta yi sallama.

Abin da ya biyo baya maganar cikin gida ce. Iyakar abin da zan faɗa, ranar na sayi sabuwar caja, kuma ba irin ta ɗazu ba, mai tsada.

Da dare na sake duba jikin bulon a ƙofar kicin, na ga ashe layi biyu ne rubutun, na biyun ya ce bolt 9. Sai maganar yaron nan ta dawo mini rabi-rabi. Da safe na sayo adafta mai bolt 9, irin ta ƙaramin fiyano, na haɗa da wayoyin adon nan biyu, na haƙori na 6 da na 7. Allo ya ci gaba da zaman makokinsa.

A nan na sauke girman kai na tafi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a bayan tasha, wanda rumfarsa ta fi ni shekaru. Ya ɗaga tabarau ya dubi aikina na salatif, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaya ko ina da abokan gaba, ko ni na yi da hannuna. Ya aika yaronsa da babur ya karɓo bulon. Uwargida ta ce a dawo mata da shi kafin magariba.

"Ɗana, me ka gani a gaban taran nan?"

Na ce wata 'yar lanƙwasa ce kamar tsutsa, na ɗauka datti ne.

"To a jikin adaftarka fa?"

Layi miƙaƙƙe, da ɗige-ɗige a ƙasansa.

Ya ce wuta iri biyu ce. Akwai mai tafiya sambal irin ta batir, ita ce DC, akwai mai kai-da-kawo irin ta bango, wadda a ƙasar nan take juyawa sau 50 a daƙiƙa, ita ce AC. Cajojin zamani duk sambal suke bayarwa. Tsohuwar nan kuwa biyun take ci a tare, kamar mai haɗa tuwo da fura. Da kai-da-kawon take ninka tara, sannan ta rage ta zuwa bolt 12 na ƙwayar hoto da ta sauti, daga nan injin kaset ke shan tasa, har wani agogo na cikinta juyin wutar yake ƙirgawa. In aka ba ta sambal babu abin da za ta ninka. Jar fitilar da na yi wa kabbara daga bolt 5 kawai take sha, ko gawa aka jona za ta kama.

Na nuna masa gawar cajar uwargida, ko za ta yi amfani. Ya karanta ya ce amfiya ɗaya ce, ta yi kaɗan, tsohuwa na son ɗaya da rabi ko fiye. Na ce ashe ƙari ba laifi, mai laftof ya yi gaskiya ke nan? Ya ajiye ƙarfen dalma. "Amfiya tuwo ne a akushi, ko ka cika shi iya cikinta za ta ci. Bolt kuwa ɗura ce."

Kwana uku ya yi. Ya samo mai bolt 5 amfiya 2 ta kirki, ya ce ta araha zane take sa wa hoto ta sa lasifika kukan sauro. Ya gwada ta da kaya a kanta, ya tabbatar ba ta haura ba. Ya ciro taransifoma mai bolt 9 daga wata rikoda, ya sa wa kowace fis ɗinta, ya zuba su a tsohon akwatin sitabilaiza mai ramukan iska. Ya buɗe cikin kwamfutar ya canja wani ɗan fis na gilashi da ya ce ƙila tun zamanin Baffa ya ƙone, ƙila kuma shekaranjiya. Da ya faɗi shekaranjiya ni yake kallo. Ya gargaɗe ni kada in kusanta ta da ƙaramin janareto.

A rumfar muka kunna. Allo ya yi shuɗi, ta sanar da cewa bait 38911 ne suka rage mata, ta rubuta READY, wato a shirye take. Dattijo ya ce shekara arba'in tana jira, sai in ba ta aiki. A nan na tuna wasanninta da darussanta duk a kaset suke, kuma a adakar fankon kwalayensu kawai na gani.

Na kira Goggo, matar marigayi. Ta ce ta tuna da su sarai. Wata rana Baffa ya yi tafiya, ta sa ɗaya a rikoda tana zaton Shata ne, sai ta ji wani ƙara mai tsinka kunne kamar ana yanka ƙarfe da ransa. Ta sa na biyu, haka. Ba ta jira na uku ba, ta kira malamin unguwa, ya saurara, ya ce a tattara su duka a zuba a tsohuwar rijiya.

"Ai Allah ne ya tsare mu, ɗan nan. Me za ka yi da su?"