Falon da Ya Kori Masu Gida

Kuɗin adashi ba sa son zaman aljihu. Ranar da na kwashi nawa, tun a cikin adaidaita sahu na yanke hukunci cewa falona sai ya koma irin na finafinan Kannywood. Uwargida ta ce, "Maigida, ka dai tuna falon nan ƙafa sha biyu ne tsawo da faɗi." Na ce mata ta zuba ido kawai.

Na ba kafinta aikin kujeru saiti guda: mai cin mutum uku, mai cin biyu, da ƙanana biyu. Na biya Kantin Kwari na yanko labule mai hawa uku. A kasuwar Sabon Gari kuwa, yaron shago na ganina ya ce, "Alhaji, ga irin naku na manya." Ni da ko ƙofar jirgi ban taɓa gani ba, nan take kaina ya kumbura. Na fito da furannin roba cikin tukwanen tangaran masu tsayin ɗan yaye, da teburin gilashi, da wata fitila mai kiɗa wadda kifayen roba ke yawo a cikinta.

Babbar kujera ta ce ba ta san zancen shiga ba. 'Yan dako suka gwada ta a tsaye, a kwance, a karkace. Sai da aka cire ƙyauren ƙofa, muka kwana da labule kawai, ina gadi da taɓarya.

Kaya na shiga, mu muka fita. Mai son wucewa uwar ɗaki sai ya shanye ciki ya bi a gicciye. Yara aka kafa musu dokar hana shiga, cin tuwo ya koma tsakar gida. Da hunturu ya kama, jajayen furanni suka zama ruwan ƙasa. Ni ke bin ganyen ɗaya bayan ɗaya da tsohon burushin haƙori, uwargida na wucewa tana cewa, "Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Ana nan sai ga Inna daga ƙauye. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare wa falon kallo, ta ce, "Kai, shago ka buɗe ba ka gaya mini ba?" Na zaunar da ita kan babbar kujera, ta nutse, ƙafafu a sama, tana salati, sai da muka kama hannu bibbiyu muka zaro ta. Ta nemi tabarma, babu wurin shimfiɗawa. La'asar ta yi, ta ɗauko darduma, ashe fitilar kifaye ce ta tsare alƙibla. Na rungumi teburin gilashi ina ja da baya don in buɗe mata wuri, na ture tukunyar fure, ta tarwatse, na zauna daɓas a kan ganyen roba da tebur a ƙirji. Daidai lokacin aka kawo wuta, fitila ta saki kiɗa.

Inna ta yi sallarta a tsakar gida. Da ta sallame ta ce, "Ɗakin da babu wurin sa goshi ai rumbu ne."

Dillaliya ta kwashe tarkacen a kuɗin da bai kai rabi ba, tana ta yi mini addu'ar Allah ya kawo wani adashin. Babbar kujera ce kaɗai ta tsira, don fitar da ita sai an sake cire ƙofa. Yanzu daga ita sai kafet, da tum-tum biyu na fata daga kasuwar Kurmi, da faifan da Inna ta saƙa, wanda ke ado a bango ya kuma sauko ya rufe kwano, da allon da na yi karatu da shi ina yaro. Baƙi sun fi tambayar labarin allon nan fiye da duk abin da na taɓa saya.

Mai karatu, kafin ka sayi kayan ado, auna ƙofarka, sannan ka tambayi kanka: abin nan zai yi mini aiki, ko yana tuna mini da wani nawa? In babu ko ɗaya, bar wa mai shago kayansa. In kuwa yaronsa ya kira ka Alhaji, dafe aljihunka ka ƙara sauri.